Ra'ayinmu: Umarni Na Sauka, Kuka Ba Ya Hawa



Duk wanda ya taɓa riƙe wani muƙami a wannan reshe na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya ya san irin ƙorafin da ake kawowa. Akwai na albashin da aka zaftare, akwai na ƙarin girman da ya maƙale shekara da shekaru, akwai na sauyin wurin aiki. Amma idan aka ƙyale mai ƙorafin ya gama baje takardunsa, aka ba shi ruwa ya sha, hankalinsa ya ɗan kwanta, sau da yawa sai ya ƙare da wata magana da ba ta cikin takardun, wato abin da ya fi yi masa ciwo shi ne yadda aka faɗa masa. Wani a gaban ɗalibansa aka faɗa masa. Wani ba a ma faɗa masa ba, a zauren WhatsApp ya tsinci sunansa cikin jerin waɗanda aka ɗauke, bayan rabin gari ya riga shi gani. Wata kuwa sai da wata ya ƙare, abokan aikinta suka ji ƙarar waya ita ba ta ji ba, sannan ta san an dakatar da albashinta sai an sake tantance ta.

Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, a ce ai kuɗin ne muhimmi, sauran duk shagwaɓa ce. Mu ba mu ga haka ba. Matsayin wannan reshe shi ne, yadda magana ke kai da kawowa tsakanin na sama da na ƙasa a makarantunmu babban ɓangare ne na shugabancin kansa. A yanki irin namu kuma, kamar yadda za mu nuna a gaba, abin ya wuce ɓacin rai, ya kai ga rayuka.

Mu fara da ƙasar da muke aiki a cikinta, domin wanda bai taka ta ba ba zai gane zancen ba. Kogin Neja, wanda kakanninmu ke kira Kwara, ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo ya raba ta. Makarantunmu sun watsu daga Zagga zuwa Ka'oje, daga Illo zuwa Lolo, har Tsamiya inda hanya ke ficewa zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin. Akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu yake samun sabis, akwai waɗanda wayar ke kama na ƙetaren iyaka ta bar na gida. Da damina wasu hanyoyin sai kwale-kwale. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi, ya san yadda ruwa ke yanke gari daga 'yan'uwansa kwana da kwanaki. Saƙon da aka aika daga ofis da ƙarfe tara na dare cewa kowa ya hallara da takardunsa gobe da ƙarfe takwas, na cikin gari ya gani ya kwana da shiri. Na ƙetaren kogi sai bayan la'asar ɗin goben zai gani, alhali an riga an rubuta sunansa cikin waɗanda suka ƙi zuwa.

Ku tuna 2019. A watan Agusta na shekarar gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar ne don masu fasa-ƙwauri, amma malamin da babur ne ƙafarsa shi ma ta hau kansa. Sai ya nemi mai a kwalba da tsada, ko ya tura babur, ko ya taka. A irin wannan lokaci ne ake gane bambancin shugabannin makaranta. Wani hedimasta ƙarfe takwas na bugawa zai ja jan layi a rajistar zuwa aiki, ya rufe littafin, washegari takardar neman ba'asi ta fito. Wani kuma zai jira a tashi tara, ya kira malamin gefe ya ce, "Malam, lafiya dai? Kwana uku ke nan." Daga wannan tambaya sai a gano cewa malamai biyu hanyarsu ɗaya, za su iya haɗa kuɗin mai su hau babur guda, ko kuwa a sauya jadawali a mayar da darasinsa bayan tara. Dokar makaranta ɗaya ce a wurin su biyun. Na farko ya samu takarda a fayil da malami mai ƙullaci, na biyu ya samu malami a aji.

Kada wani ya ce muna kare makara da fashin aiki. Yaron da ya wuni a aji yana kallon allo babu rubutu an zalunce shi, kuma ɗanmu ne ko ɗan maƙwabcinmu. Malamin da ya mayar da makaranta wurin leƙawa ranar kasuwa ba shi da mafaka a wannan ƙungiya. Abin da muke cewa shi ne a tambaya kafin a hukunta, domin tambayar ce ke raba mai uzuri da mai ganganci, jan layi kuwa duka biyun yake haɗawa.

Sai dai tambaya ma tana da nata ilimi, saboda mu mutane ne masu kunya. A tarbiyyar da aka yi mana, ƙarami ba ya ɗaga ido ya dubi babba yana yi masa faɗa. Zai sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya ce, "Na gode, Yallaɓai," ya fita. Shugaban da bai san mutane ba sai ya ɗauka magana ta ƙare, har ya yaba wa kansa cewa ya iya gyara. Alhali shiru ma magana ce. 'Yan'uwanmu Fulani na Ka'oje da kewaye suna da abin da suke kira pulaaku, wanda haƙuri da kunya da hankali ke cikin ginshiƙansa. Mutumin da aka raina a kan wannan zai iya kwana da yunwa bai faɗa ba, zai iya haɗiye cin mutunci fuskarsa ba ta nuna ba. Amma ranar da ya samu wata hanya, sai dai a ga ya daina zuwa. Makarantun bakin iyaka su ne suka fi wahalar samun malami, su ne kuma suka fi saurin rasa shi, domin kasuwanci da noman shinkafa suna nan kusa suna kiransa. Duk malamin da aka kora da baki, ajinsa na iya shekara babu madadi.

Ta ɓangaren malamai mata abin ya fi zurfi. Akwai lalurorin da mace ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji ba, ko da mahaifinta ne, balle shugabanta a wurin aiki: laulayin ciki, ɓari, rigimar gida, jinyar da ba a son a ambata. Idan aka tsare ta a ofis ana cewa sai ta faɗi dalili, shiru za ta yi, a rubuta cewa ta yi taurin kai. Shugabannin makaranta masu hikima sun daɗe da gano maganin wannan, wato su sa wata dattijuwar malama a tsakani, wadda ƙananan ke kira Anti ko Inna, ita ta ji, ita ta zo ta ce, "Malam, a yi mata uzuri, na san dalili," shi kuma ya yarda bai tona ba. Babu wata takardar doka da ta tsara haka, amma makarantu da yawa da shi suke zaune lafiya.

A 1995 wani marubuci ɗan Amurka mai suna Daniel Goleman ya fitar da littafin da ya yi suna a duniya, inda ya kafa hujja cewa iya gane halin da zuciya ke ciki, taka da ta wanda ke gabanka, yana da tasiri a rayuwa da aiki ba ƙasa da kaifin ƙwaƙwalwa ba. Tun daga nan ake ta shirya bita a kan batun a manyan otal-otal, wasunmu ma sun halarta, sun dawo da jaka da biro da ɗan alawus. Ba mu raina bita ba. Sai dai abin ba baƙo ba ne a ƙasar da ake cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, yana ta nanata masa haɗarin shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda masarautarmu ta Gwandu ta samo tushe daga gare shi, ya ɗauko wannan nasiha ya shigar cikin littafinsa Diya'ul Hukkam. Ɓuya a yau ba sai da soro da dogarai ba. Shugaban da ke aika umarni ta waya amma ba ya ɗaga kira, wanda ƙofar ofishinsa a buɗe take amma fuskarsa a rufe, shi ma ya ɓuya.

A nan wajibi ne mu yi wa shugabannin makarantu adalci, domin su ma mambobinmu ne, kuɗin ƙungiya ɗaya ake cire mana. Hedimasta mutum ne da ke tsakanin duwatsun niƙa biyu. Na sama na neman rahoto da ƙididdiga cikin gaggawa, iyaye na neman sakamako, malamai na neman uzuri, rufin aji na yoyo, alli ma wani lokaci daga aljihunsa yake fita. Albashinsa bai fi na waɗanda yake shugabanta da wani abin kirki ba. Idan aka daka masa tsawa a waya da sassafe, tsawar ba ta tsaya a kansa: za ta sauka a kan malamin da ya fara cin karo da shi, daga malamin ta sauka a bayan wani yaro ɗan aji uku da bulala, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Don haka sanin halin zuciya daga kan mai shi yake farawa. A shari'ar Musulunci an hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, kuma babu mai hankali, Musulmi ko Kirista, da zai musa hikimar wannan. Takardar neman ba'asin da aka rubuta cikin fushi, in an bar ta ta kwana a aljihun tebur, sau da yawa da safe mai ita ne zai yage ta da hannunsa. Wadda aka miƙa kuwa ta zama zarar bunu.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya fi shafarmu fiye da na cikin birni. A ajinmu ɗaya za ka samu ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani da ɗan Bazabarme ko Badende, a ɓangaren Illo kuma ga Kyangawa da Busawa. Wasu gidajen rabinsu na nan rabinsu na Benin, inda makaranta da Faransanci ake yin ta. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 kuma aka soke wannan aka koma Turanci. Ba yau za mu yi muhawarar wanne ya fi ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne taron iyaye da malamai: idan shugaba ya miƙe ya yi jawabi da Turanci gauraye da Hausar boko, dattijon da ya baro shanunsa ko komarsa ya zo zai gyaɗa kai don ladabi, ya koma gida bai ɗauki komai ba, shekara mai zuwa ya cire 'yarsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta so ilimi ya kai ga matan ƙauye, ta horar da jajis ta aika su da karatu cikin harshen da matan ke ji. A kusan kowace makaranta tamu akwai malami ko mai gadi da ke jin harshen iyayen. A tsayar da shi ya fassara, ko da taron zai ƙara rabin sa'a.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ce zancen ya kai ga rayuka. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. Ranar 17 ga Nuwamba, 2025, suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, ɗan'uwanmu a wannan sana'a, Allah Ya jiƙansa, suka tafi da ɗalibai 25. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kwashi ɗaruruwa a Papiri ta Jihar Neja. A kan Maga, gwamnan jiharmu da bakinsa ya shaida wa duniya cewa an samu labarin harin tun kafin ya auku, an tura jami'an tsaro, amma suka janye gab da isowar maharan, ya kuma nemi a binciko wanda ya ba da umarnin janyewar. Ke nan labari ya samu, a wani wuri ne tsakanin mai faɗa da mai ji ya yanke.

Mu dawo da wannan darasi cikin harabar makarantarmu. Wa ke fara ganin baƙuwar fuska? Mai gadi ne, ko mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa, ko yaron da ya biyo ta daji ya ga babura a inda ba a saba gani ba, ko wanda wasu baƙi suka tsayar suna tambayarsa ƙarfe nawa ake tashi. Yaron zai faɗa wa malamin da ya fi sakar masa fuska, sau da yawa ƙaramin malami. Daga nan tambaya ɗaya ta rage: ƙaramin malamin zai iya shiga ofis ya faɗa? Amsar ta dogara ne da abin da ya same shi a karon baya da ya kawo wata magana. In an yi masa dariya, an ce ya cika tsoro, ko an ce yana son tayar da hankalin jama'a, ko an tambaye shi wa ya sa shi, to yau zai haɗiye. Shugaban da ke hukunta mai kawo mummunan labari yana koya wa mutanensa su riƙa kawo masa mai daɗi kaɗai, har ranar da mummunan zai iso da ƙafarsa. Gara a saurari rahoto goma tara su zama ba komai. Haka abin yake a mataki na gaba: hedimastan da ya kai rahoto sama aka ce masa yana neman dalilin rufe makaranta ne ya tafi gona, shi ma ba zai sake kai wa ba.

Wani zai ce ai yanzu namu ne a sama. Gaskiya ne. Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, ya shugabanci ƙungiyar nan ta malamai a matakin ƙasa kafin a rantsar da shi gwamnan Kebbi ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma a Oktoban 2024 ya amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a jihar, sama da naira 70,000 na tarayya. Abin alfahari ne a ce mai riƙe da alli ya riƙe jiha. Amma a nan ma akwai tarko, shi ne kunyar nan tamu: a ce tunda namu ne, kawo kuka tamkar tona asirin gida ne. Mu a ganinmu shugaban da ya fito daga ƙungiya ya fi kowa sanin amfanin kukan da aka kawo a kan lokaci, kuma tsakanin Birnin Kebbi da ajin da ke bayan Lolo akwai tebura da yawa da magana ke iya kwana a kansu. An kafa wannan ƙungiya a Legas a 1931, Rabaran Ransome-Kuti ne shugabanta na farko. A 1948 Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa. Dukansu don abu ɗaya aka yi su, malamin da muryarsa ba ta kai ko'ina ya samu tsanin da za ta hau.

Saboda haka ga abin da reshen nan zai riƙa nema daga duk wanda ke da iko a kan malami, ƙarami ko babba. Duk wanda za a sauya wa wurin aiki ko a taɓa albashinsa, shi ya kamata ya fara ji, a rubuce, tare da dalili da kuma inda zai kai ƙara, kafin sunansa ya fita a kowane zaure. Kiran gaggawa ya yi la'akari da na ƙetaren kogi, a ba da kwanakin da saƙo zai isa mutum kuma ya iso. Gyaran malami a ofis ake yin sa, ƙofa a rufe. Wanda aka kunyata a gaban ɗalibai an karya masa sandar da yake kiwo da ita, kuma makarantar ce za ta yi asara. A taron malamai muna roƙon shugabanni su gwada barin ƙananan su fara magana, domin in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, abin da zai biyo baya "haka ne" kawai. Rahoton tsaro kuwa, kowa ya kawo shi, a karɓa, a rubuta ranar da sa'ar, a kai gaba, a kuma dawo wa mai kawowa da abin da aka yi.

Ma'aunin nan har da mu. Wakilin ƙungiya a makaranta wanda ba a ganinsa sai ranar zaɓe ko ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, shi ma ɓoyayyen shugaba ne. Muna kira ga wakilan makarantu, musamman na ɓangaren Illo da Ka'oje da ƙauyukan bakin iyaka, kowa ya zo taronmu na gaba da sunayen makarantun da saƙon waya ba ya isa a kan lokaci, da sunan mutum ɗaya a kowane gari da za a iya kira ya kai saƙon da ƙafa. Ku kuma iyalanmu, matan malamai da mazajen malamai, ku ne kuke ganin wanda ya dawo gida ya kasa cin tuwo. In ya ƙi faɗa wa shugabansa, ya ƙi faɗa wa wakilinsa, ku kuna iya zuwa ofishin reshe ku faɗa a madadinsa, ba kuma za a ambaci sunanku ba.